Yadda yayana ya jefa ni gasar hasashen Tour de France ban san hawa ba ban san sauka ba

Ni fa kafin 2022 iyakacina da keke shi ne wanda nake hawa zuwa islamiyya muna yara, ƙwallo na sani ita ma ta Ingila. Abun da ya fara jan hankalina wani yaro ne ɗan Eritiriya, Biniam Girmay, da ya ci wani tsere a Beljiyam mai suna Gent-Wevelgem a watan Maris ɗin shekarar, yayana da yake aiki a can ya turo min bidiyon haɗe da saƙon murya yana ta ihu wai ɗan Afirka ya cinye Turawa a tsakar gidansu. A watan Mayu yaron ya ƙara, ya ci zango na 10 a Giro na Italiya ya doke Mathieu van der Poel a gudun ƙarshe, sai kuma abun tausayi abun dariya, yana kan dandamali zai buɗe kwalbar da ake ba wanda ya ci kawai murfin ya yi tsalle ya sami idonsa, washegari ko tashi bai yi da su ba. Daga nan na fara ɗan leƙawa.

Ƙarshen watan Yuni Yaya ya kira ni yace a wajen aikinsu duk shekara suna gasar hasashe a kan Tour de France, babban tseren keken Faransa da ake yi zango-zango na mako uku, an rasa mutum ɗaya, ya riga ya ba da sunana. Nace Yaya caca ce? yace ko sisi ba a sawa, wanda ya zo na ƙarshe dai shi zai kawo kek ofis, kai kuma tunda kana Zariya in ka zo na ƙarshe ni zan saya saboda haka kar ka ja min asara. Dokar ba wuya, kullum kafin a tashi ka tura suna ɗaya, in ya ci zangon maki 10, in ya zo cikin ukun farko 5, in cikin goman farko 2, in ba haka ba ka tashi a tutar babu. Mu 14 ne, ni kaɗai ne ban taɓa kallon tseren daga farko zuwa ƙarshe ba.

Abu na farko da na yi na buɗe jerin sunaye ina neman Girmay, mutum 176, kulob 22 kowanne da mutum 8, na bi layi-layi har sau biyu babu shi, ashe kulob ɗinsa bai kawo shi ba a shekarar. To sai na tambaya wa ya fi kowa? akace Tadej Pogacar ɗan Sulobeniya, shi ya ci 2020 ya ci 2021 kuma shekararsa 23 kacal. Nace shikenan an gama, kullum shi zan dinga turawa. Yaya yace a ranar farko dai ka yi haƙuri, tseren agogo ne, kowa shi kaɗai zai tafi a auna lokacinsa, ka sa Filippo Ganna na Italiya kowa shi yake sawa. Ranar 1 ga Yuli aka fara, ba ma a Faransa ba, a Copenhagen ta Denmak, kilomita 13 da 'yan kai a cikin gari. Manyan duk sun zaɓi su tashi da wuri don su riga ruwan saman da akace zai zo, sai ruwan ya riga su, suka yi ta lallaɓawa a kwana kamar masu tafiya kan sabulu, can daga baya wani Yves Lampaert ya zo ya wuce lokacin kowa, da ake hira da shi yana hawaye yana cewa shi fa ɗan manomi ne kawai daga Beljiyam. Cikin mu 14, kuma yawanci 'yan Beljiyam ɗin ne, ba wanda ya sa shi. Ganna ya zo na huɗu, na sami maki 2 na farko a rayuwata.

Rana ta biyu na tura Pogacar. Ko minti biyar ba a yi ba Yaya ya kira yana dariya har yana tari, yace kai ka kalli zanen hanyar kuwa? Ashe kowane zango akwai zanen da ake fitarwa, kamar an yanka ƙasar an kalle ta daga gefe, ka ga inda ta miƙe ɓal da inda ta yi tozo da inda ta yi tsini kamar haƙoran zarto. Yace ranar da hanya ta kwanta irin ta yau Pogacar ba abun da yake nema illa ya isa lafiya, domin duk wanda ya shigo cikin ayari ɗaya lokaci ɗaya ake rubuta musu ko kai ne na farko ko na 90, cin zangon na wasu ƙarti ne masu cinyoyi kamar turmi da ake ɓoyewa a bayan mutane tun safe sai saura mita 200 a sake su. Nace to me ya sa mai ƙarfin ba zai tsere ya bar su tun farko ba? yace iska.

Wannan maganar iskar ban gane ta sosai ba sai da Baba mai faci da yake gefen shagona ya sa baki. Shi dama in rana ta yi zafi yakan shigo ya zauna kan benci ya sha fanka, ya ga ina ta kallon Turawa a kan keke, nake masa bayanin abun da Yaya ya faɗa, wai wanda yake bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, wanda yake tsakiyar ayari ma ya fi haka. Baba yace wannan ai ba sai Bature ya gaya maka ba, lokacin da muke kai kaya kasuwannin ƙauye da keke in hunturu ya taso layi muke yi, na gaba ya sha iska in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa, kuma a cikinmu akwai wani mugu da bai taɓa karɓar gaba ba sai an hango kasuwa ka ga ya wuce fuuu ya riga kowa kama waje. Wallahi duk karatun da na yi daga baya bai wuce wannan ba. Tseren gaba ɗaya rigima ce a kan wa zai sha iska wa zai ɓuya.

A zangon nan na biyu akwai wata doguwar gada kan teku kusan kilomita 18 dab da ƙarshe, mutanen Yaya tun dare suke ta rubutu wai iskar gefe za ta yayyaga ayarin, domin in iska ta bugo daga gefe ba a iya ɓuya a bayan mutum sai a ɗan karkace, faɗin titi kuma ba ya ɗaukar kowa, sai a tsinke gida-gida. Aka hau gadar iska ta zo ta gaba, kowa ya lafe, ba abun da ya faru sai faɗuwa da aka ɗan yi. Fabio Jakobsen ya ci, wanda a 2020 ya yi wani mummunan hatsari a Poland har an fitar da rai da shi. Ni sifiri. Amma na ɗan ji sanyi da na ga su ma masanan hasashensu ya sha ruwa.

Wout van Aert kuwa ya zo na biyu ranar farko, na biyu rana ta biyu, na biyu rana ta uku. Da aka dawo Faransa zango na huɗu na rubuta sunansa na goge, nace wannan mai ƙashin na biyu ne. Saura kamar kilomita 10 akwai wani ɗan tudu a bakin teku, kulob ɗinsa Jumbo-Visma suka hau shi da gudun da ba wanda ya zata, ya fizge shi kaɗai da rigar rawaya a jikinsa, wato rigar da ake ba wanda yake kan gaba a jimillar lokaci, ya shiga Calais ba kowa a bayansa. Abun da ya fi ba ni dariya Jasper Philipsen da ya riga sauran ayarin, bai ma san akwai wani a gaba ba, ya ɗaga hannu yana ihu yana buga ƙirji, sai da aka nuna masa da yatsa. Baba yace Allah sarki, ya yi rawa kafin a buga ganga.

Washegari aka bi hanyoyin nan na arewacin Faransa da aka daɓe da duwatsu, ƙura kamar ana sussuka. Jumbo suka ga ta kansu, keken madugunsu Jonas Vingegaard ya lalace ya yi ta canje-canje har da hawa na wani dogo da ƙafarsa da ƙyar take kaiwa, ɗaya madugun nasu Primoz Roglic kuma ya ci karo da damin ciyawar da aka tare kwana da shi ya faɗi kafaɗarsa ta goce, ya ari kujerar wani ɗan kallo ya zauna ya mayar da ita da kansa ya hau ya ci gaba, amma ya yi asarar sama da minti 2. Nace to waɗannan sun gama yawo. Zango na 6 a Longwy na sa Pogacar ya ci ya karɓi rawaya, na 7 a kan dutsen La Planche des Belles Filles na sake sa shi ya sake ci, maki 20 cikin kwana biyu, na haura na huɗu a tebur. Na tura wa Yaya murya nace gaya wa Turawanka su kawo kuɗin makaranta. Abun da ban lura da shi ba a ranar, ko in ce na gani ban ɗauke shi komai ba, shi ne Vingegaard ne ya fara wucewa a hawan tsakuwar nan na ƙarshe, Pogacar da ƙyar ya kamo shi a bakin layi.

Ranar Asabar 9 ga wata Babbar Sallah, muna fama da fiɗa da rabon nama ban tuna da wani keke ba sai bayan Azahar, na tura suna akace an rufe. Van Aert ya ci a Lausanne, kuma shi na yi niyyar sawa, amma wa zai yarda.

A saman teburinmu akwai wata dattijuwa da take ofishin lissafi a wajen su Yaya, yace shekara da shekaru ita take cinye su. Nace don Allah Yaya tambayo min ita sirrin. Amsar da ya kawo min gajera ce, wai tace ita ba ta fara tambayar wa ya fi ƙarfi, tambayarta ta farko kullum ita ce yau wa zai bi? Ma'ana kowace safiya wasu za su ɓalle su yi gaba, mutum biyar ko ashirin, to a cikin ayarin da aka bari wane kulob ne yake da dalilin da zai sa yaransa a gaba su sha iska awa huɗu don a kamo su. In akwai kulob biyu uku masu ɗan gudun ƙarshe da suke ganin za su ci, za a kamo. In hanyar ta fi ƙarfin 'yan gudun ƙarshe amma ba ta kai manya su gwabza ba, ba mai bi, 'yan ɓallewa za su cinye, sai ka nemi suna a cikin waɗanda suke can baya a jimillar lokaci da minti 20 ko 30 domin su ake ƙyalewa su tafi. Sai bayan ka amsa wannan sannan ka zo kan wa ya fi ƙarfi. Ta ƙara da wani tsohon lissafi na wani mai sharhi Bafaranshe, Robert Chapatte, wai ayari in ya sa kai yana cin minti ɗaya a duk kilomita 10, saboda haka in ka ga saura 30 tazara minti 2 ka san an kama su, amma tace kar in riƙe shi kamar aya, yaran yanzu sun lalata lissafin.

Na sayi littafi mai 40 na fara rubutu, kowane dare in zana hanyar gobe, in rubuta kulob-kulob da abun da kowa yake nema. A nan na gane mutum 176 ɗin nan mafi yawansu ba cin tsere suka zo ba, yaran gida ne, aikinsu su koma mota su ɗebo gorunan ruwa su cusa a riga, su tare wa madugunsu iska, in tayarsa ta fashe su ba shi tasu. Zango na 10 na gwada, nace UAE, kulob ɗin Pogacar, ba za su bi ba, kuma ba su bi ba, suka bar tazara ta yi tsawo har wani Bajamushe Lennard Kamna ya rage daƙiƙa 11 ya ƙwace rawaya, Magnus Cort ya ci. Na canki yanayin, ban canki mutumin ba. Kuma a cikin littafin nan da hannuna na rubuta cewa korona ta fitar wa UAE mutum biyu, Laengen da George Bennett, saura su shida. Na rubuta na ja layi a ƙasa, sannan na juya shafi na rubuta Pogacar a zango na 11.

Laraba 13 ga Yuli. Daga Albertville zuwa Col du Granon, kilomita 152 ba kaɗan, a hau Telegraphe, a hau Galibier mai tsayin mita 2,642, a gangaro, sannan a ƙare a Granon, kilomita 11 na hawa da ba wajen numfashi, a sama mita 2,413. Pogacar yana gaban Vingegaard da daƙiƙa 39. Mutum 11 cikinmu Pogacar suka sa. Dattijuwar ta sa Vingegaard, na gani na yi tsaki nace tsufa ya fara.

Tun da aka tashi na ga Van Aert ya ɓalle, da wani ɗan kulob ɗinsu Christophe Laporte, nace to waɗannan zango suke nema tunda sun fitar da rai da rawaya. Ashe ajiye su aka yi a gaba kamar yadda ake tura yaro ya riga ka tasha. Saura wajen kilomita 60, ana dab da gama Telegraphe, nisan da ba wanda yake kai hari a irinsa, sai ga Roglic ya fizga. Pogacar ya bi. Suka gangara suka tarar da Laporte ya tsaya yana jiransu, ya ja su da gudu har aka yanke Pogacar daga yaransa, aka bar su huɗu, shi da Roglic da Vingegaard da Geraint Thomas. Daga nan aka fara abun da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Roglic ya fizga, Pogacar ya tashi tsaye ya kamo shi, yana zama Vingegaard ya fizga ta ɗaya gefen, ya kamo shi, Roglic ya sake, haka haka na daina ƙirgawa, shi kuma maimakon ya yi haƙuri har da shi a kai nasa harin. Ni ina ta murna a shago ina cewa kun gani ko, ba mai iya masa, ku zo ku goma ma.

Baba yana kan benci yana cin gyaɗa, yace wai su waɗannan biyun masu kaya iri ɗaya 'yan gida ɗaya ne? nace eh. Yace shi kuma mai rawayar shi kaɗai? nace eh amma ya fi su. Yace to in ɗaya ya gudu ɗayan me yake yi? Na duba, ɗayan yana manne a bayan Pogacar yana hutawa. Baba yace yaro, wannan ba tsere suke da shi ba, tatsarsa suke. Kuma wannan mai ciwon kafaɗar da kace an ba shi minti biyu, me ya sa yake binsa? Ban da amsa. Gaskiyar magana Roglic sunansa aka yi amfani da shi, mutum ne da a lokacin ya ci Vuelta ta Sifen sau uku, Pogacar bai yarda ya bar shi ya tafi ba, alhali a ranar jikinsa ba zai kai ba, can saman Galibier ma ya sake su. Da ya ƙyale shi ya zuba wa Vingegaard ido shi kaɗai da wataƙila labarin ya canza, amma wannan hasashen bayan an gama ne, kowa gwani ne a nan.

Aka gangaro Galibier, Van Aert da yake gaba ya tsaya cak ya jira, ya koma har baya ya jawo Roglic ya dawo da shi cikin manya. A kwarin kafin Granon kyamara ta matso kusa da Pogacar ya kalle ta ya yi murmushi yana wasa da hannu, na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya nace ga wanda akace an tatsa. Yaya bai ba ni amsa ba. Aka fara hawa, Rafal Majka yaron Pogacar ɗaya da ya rage yana ja, Nairo Quintana ya tafi, Romain Bardet ya tafi, ba wanda ya kula su. Saura kilomita biyar ba kaɗan Vingegaard ya tashi, sau ɗaya tak. Na jira in ga rawaya ta bi kamar yadda ta saba. Ba ta bi ba. Mita biyar, mita goma, ashirin, Pogacar ya zuge zip ɗin rigarsa har ƙasa tana kaɗawa, kansa yana lilo, Thomas da ya girme shi da shekara 12 ya zo ya wuce shi kamar ya wuce mai tallan ruwa. Daidai nan aka kira La'asar, dama Faransa tana gabanmu da awa ɗaya a wannan lokacin kullum ƙarshen zango sai ya haɗu da sallah, Baba ya miƙe ya kama hannuna yace tashi, wanda ya faɗi ya riga ya faɗi. Allah ya yafe min, a raka'a ta biyu lissafin daƙiƙa nake. Da muka dawo an gama, Vingegaard ya ci, Pogacar na bakwai da tazarar minti 2 da daƙiƙa 51, rawaya ta koma kan yaron da akace a da a masana'antar kifi yake aiki a Denmak. Saƙon Yaya ya shigo, hoton da na tura masa ne ya dawo min da shi, a ƙasa ya rubuta sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Na sami maki 2, na faɗo na takwas. Da dare na buɗe littafina na ga layin da na ja a ƙarƙashin saura su shida, na ga inda na rubuta Jumbo madugu biyu, komai yana nan, haɗawa ce ban yi ba saboda na riga na ƙulla soyayya da mutum ɗaya.

Daga ranar na canza tsari, sai na gama rubuta wa zai bi da wa ya rage wa wa sannan nake yarda in kalli sunaye. Ranar 14 ga wata a Alpe d'Huez nace Jumbo sun sami abun da suke so ba za su bi kowa ba, daidai, amma na sa Bafaranshe don ranar bikin ƙasarsu ce, sai wani ɗan Ingila Tom Pidcock ya gangaro Galibier kamar wanda bai da iyaye ya je ya ci, Louis Meintjes na Afirka ta Kudu na biyu, Chris Froome na uku. Washegari ne na ci na farko da zan iya cewa da kaina na ci. Hanyar Saint-Etienne a takarda ta 'yan gudun ƙarshe ce, amma nace bayan kwana biyu a duwatsu yaransu sun zama laushi, ga tudu-tudu a hanya, na nemi mai gudun ƙarshe da zai iya shiga 'yan ɓallewa da kansa, na sa Mads Pedersen. Caleb Ewan ya faɗi a wata kwana kulob ɗinsa suka daina bi, tazara ta ƙi raguwa, Pedersen ya iso da mutum biyu ya cinye su a sauƙaƙe. Na yi ihun da mai shayin tsallake ya leƙo yana tambaya ko Arsenal ce ta ci.

Sai dai ƙirga yara ma ba ya ci kullum. Kafin zango na 17 Pogacar saura shi da mutum uku, Majka ya ji ciwo Marc Soler ya fita, Jumbo kuma duk da Roglic da Kruijswijk sun tafi gida suna da shida. Na sa Vingegaard hankali kwance. Sai yaran nan biyu Mikkel Bjerg da Brandon McNulty suka yi aikin mutum bakwai, suka zubar da Jumbo kaf sai Vingegaard shi kaɗai, Pogacar ya ci a Peyragudes. Na zauna da littafi ina tunanin in koma gidan jiya, sai nace a'a, wanda ya yi irin wannan aikin yau gobe ba zai iya maimaitawa ba, kuma duk da haka ko daƙiƙa ɗaya ba su yanke Vingegaard a kan hanya ba. Na sake sa shi a Hautacam. Ranar ana tsaka da gangaren Spandelles aka ɗauke wuta, na koma waya data tana ja tana tsayawa, hoton ya daskare Pogacar yana kwance a tsakuwar gefen titi, da ya motsa sai na ga Vingegaard ya rage gudu yana waiwaye yana jiransa, ya iso suka yi musabaha a kan keke. Baba yace wannan ɗan mutunci ne. A hawan ƙarshe kuma Van Aert, ƙato mai koriyar riga, wato ta wanda ya fi tara maki a gudun ƙarshe, da bai kamata a gan shi a nan ba, wanda tun safe yake gaba, shi ya ja har Pogacar ya saki, Vingegaard ya ci da sama da minti ɗaya.

Sauran kwanakin ban taɓuka komai ba, a Cahors kowa ya sa ɗan gudun ƙarshe Laporte ya sulale ya ci, shi ne ma Bafaranshe ɗaya tilo da ya ci zango a shekarar. Aka shiga Paris ranar 24 ga Yuli, Vingegaard na ɗaya, Pogacar na biyu da minti 2 da daƙiƙa 43, Thomas na uku. Ni na tara cikin 14, dattijuwar ta ɗaya, kek ɗin ya faɗa kan wani da Yaya yace shi ya fi kowa surutu a ofis.

Na ci gaba da yi duk shekara, littafin ma na uku nake ciki. A 2024 Girmay yana cikin jerin, zango na uku zuwa Torino ranar 1 ga Yuli, hanya a kwance, da safe Baba yace yau dai ka sa ɗan namu ko? Nace Baba ai an wuce wannan wajen, ba a hasashe da zuciya, na buɗe masa littafi na nuna masa Philipsen ya ci zango huɗu bara, ga Van der Poel zai ja shi, ga kulob ɗin Girmay ba su da ƙarfin kowa. Na tura Philipsen. Saura kilomita biyu da wani abu aka yi faɗuwa ta ritsa da shi, Girmay ya bi ta jikin shinge ya fito ya ci, baƙar fatan Afirka na farko da ya taɓa cin zango a Tour, daga baya ya ƙara biyu ya tafi gida da koriyar riga. Ina tsaye ina ihu ina hawaye da sifiri a tebur, Baba ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya miƙo hannu yace ba ni littafin nan in ɗaura wa mai ƙosai.